Rabin Ganyen Rumman

Govandi, Mumbai
9 ga Fabrairu

Apa Dilshad,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara da jikoki. Yaya ƙafar? Ina fata kina shafa man da na aiko, ba ajiye shi kika yi a saman kabad kina jiran ciwon ya fi haka ba.

Wasiƙarki ta iso tun makon jiya. Na san zamani ya wuce takarda, amma kunnenki ba ya jin waya, ni kuma da na ji muryarki sai kuka. Takardar ta fi mana.

Apa, ba zan taho gida yanzu ba. Kada ki yi fushi sai kin kai ƙarshe.

Kin tuna aikin da ƙaninki yake yi kafin Allah Ya karɓe shi? Na Turawan Italiya ɗin nan masu sarƙa da zobe, gidan Belverdi. A wannan karon ba riga ba ce. Otal suka gina a bakin teku, suka ce a kowane ɗaki, a saman gado, za a kafa karammiski mai surfanin zinariya, reshen rumman, irin wanda ke jikin akwatunan zobensu. Ɗaki sittin da huɗu, ƙyalle sittin da huɗu. Shekara biyu shagon Ustad Mainuddin yana kan aikin. A kan ƙyallen ƙarshe ƙaninki ya kifa kansa, ranar wata Talata kafin azahar. Abokan aikinsa sun ɗauka barci ne ya sace shi.

Abin da aka kawo mini takalmansa ne da kwanon abincinsa, ko buɗewa bai yi ba. Allurarsa ma ba ta dawo ba. Bai bar mini magana ba, Apa. Da safen nan abin da ya ce da ni kawai, gishiri ya yi yawa a miyar wake. Shekara ashirin da biyu tare, a ce maganar ƙarshe gishiri.

To, an buɗe otal ɗin, kuma na samu aiki a ciki. Gyaran ɗinki nake yi a ɗakin wanki, can ƙarƙashin ƙasa. Shugabarmu Madam Sequeira ta miƙo mini rigar matashi da ta yage, na gyara. Ba ta ko kalli gabanta ba, bayanta ta juya ta duba, kamar yadda mu ma muke yi. Ta ce in zo Litinin.

Wurin kamar ba a duniya yake ba. Ƙamshi ɗaya ne tun daga ƙofa har banɗaki, nasu ne na kansu, in na koma gida ina jin sa a gyalena. Benayen ba su da lamba, sunan duwatsu aka ba su: Murjani, Yaƙutu, Zumurrudu, can ƙoli kuma Lu'ulu'u. Mutum yana tafiya ba ya jin sawunsa. Rigar aikin da suka ba ni sai da tela ya auna har wuyan hannuna, abin da ko ranar aurena ba a yi ba. Sabulunsu an yanka shi kamar dutsen zobe. A babban zaure akwai wata sarƙa cikin gilashi tana juyawa ita kaɗai tun safe har yamma, ba mai taɓa ta.

Abu ɗaya ya kai ni. Ina so in ga ƙyallen ƙarshe, in ga inda allurarsa ta tsaya, in ɗora hannuna a wurin. Shi ke nan, sai in tattara in taho.

Ki gaishe mini da ɗanki Sajid da matarsa. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Nuzhat


Bareilly
21 ga Fabrairu

Amarya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafa tana nan, man ma yana nan a saman kabad, don warinsa kamar an ƙona taya.

Na karanta takardarki sau biyu, na farko da fushi, na biyu da tabarau. Duka biyun ban ga hankali a ciki ba.

Wajju ƙanena ne, ni na rene shi, kada ki ɗauka ke kaɗai kika yi rashi. Amma kin fita takaba tun bara. Mace ita kaɗai a ɗaki guda a Govandi, ba ɗa ba jika, tana tashi da asuba tana cusa kanta cikin jirgin ƙasa don ta je ta ɗinke wa masu kuɗi rigar matashi. In mutane suka tambaye ni ina matar ƙanena, me zan ce? In ce tana ƙarƙashin ƙasa tana shaƙar turare?

Na share miki ɗakin sama, na sa an shafe shi da farar ƙasa. Matar Sajid kullum tana zagaya shi da ido, wai ya dace da keken ɗinkinta. Ni tsohuwa ce, ba zan iya gadin ƙofa har abada ba.

Kuma me za ki gani a ƙyalle? Maza takwas ke zama kewaye da katakon surfani guda, kowa na saƙa nasa, in an gama ba a san na wane ba. Ko kin samu ma, na rantse rabi za ki tarar. Yaron nan bai taɓa ƙarasa komai ba a rayuwarsa. Shayi ya bar rabi, gurasa ya bar rabi, labari ya ɗauko ya bari a tsakiya ya fita. Ga taurin kai. Ammi, mahaifiyarmu, ta ɗaure masa hannun hagu da gyale wata uku don ya bar bahagonci. Cin abinci ya koya da dama, amma ranar da aka ba shi allura, hagun nan ya miƙa. Na ga ke ma kin kwaso halin.

Ga sharaɗina. Na ba ki daga yau zuwa saukar ruwan farko a Mumbai. Na san ɗakin nan naku, damina na yi ruwa har gwiwa. In ruwa ya sauka ba ki zo ba, zan turo Sajid ya ɗauko ki ke da tukwanenki, kin samu ko ba ki samu ba.

Maganar gishiri kuwa, ni ma shekara arba'in yana faɗa mini. A gidan baƙi ko gishiri zalla aka ba shi cinyewa yake ya yi godiya. Ki yi tunani a kan wannan.

Sabulun nan mai kama da zobe, in sun ba ki ki taho mini da ɗaya. Na ce in sun ba ki.

Allah Ya shirye ki.

Yayarki,
Dilshad Begam


Govandi
27 ga Maris

Apa,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Na yi dariya da na karanta maganar tabarau, dariyar farko tun da watan nan ya kama. Na karɓi sharaɗinki.

Na yi ƙawa, Sulbha, mai gyaran ɗakuna. Ƙatuwa ce, bakinta ba ya hutawa. Khala take ce mini, wato inna. Da na ba ta labari sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Khala, shekara goma sha biyar ina aikin otal, na ga mata da yawa sun zo neman mazajensu a ɗakuna. Ke ce ta farko da ke addu'ar ta same shi."

Yanzu duk ɗakin da baƙo ya tashi, sai ta aiko a ce labule ya warware ko maɓalli ya cire, a turo mai ɗinki. In hau da ɗan akwatina. Ita tana shimfiɗa zanen gado, ni ina tsaye ina kallon bango. "Ki yi sauri, Khala," in ji ta, "mijinki ba shi zai ciyar da 'ya'yana ba in an kore ni."

Na ga ɗaki arba'in da ɗaya, Apa. Kin yi gaskiya, duk iri ɗaya ne. Reshe ya taso daga hagu ya lanƙwasa, 'ya'yan rumman bakwai, ɗaya ya fashe, ganye kamar su motsa. Kyau kam ba a magana. Amma ban gan shi ba.

Kin san ni ta baya na san aikinsa. Duk abin da ya kawo gida ni ke juya shi in yanke zare in ɗaure bakin. Ƙullinsa ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, ko cikin dubu zan nuna miki. To waɗannan an kafe su a bango, bayansu na kallon siminti. Ranar nan na sa farce a gefen ɗaya ko zai ɗaga, Sulbha ta buge mini hannu. "Wannan ƙyallen ya fi ni da ke da unguwarmu tsada. Ki kalla da ido."

Doka ce a nan, in ba baƙo a ɗaki ba a buɗe labule, kada rana ta cinye karammiski. Da fitilu ake aiki, ƙanana, a ɓoye cikin rufi, haskensu na zubowa ta ko'ina har mutum ba shi da inuwa. In na tsaya a ciki sai in ji kamar an sa ni cikin akwatin zobe an rufe. Teku na bayan labule amma ko motsinsa ba a ji. Wani lokaci na kan manta ko safiya ce ko yamma, ko shekarar bana ce ko wata.

Jiya a jirgi na yi gyangyaɗi a tsaye. Na gan ni ina bin doguwar barandar Zumurrudu, duk ƙofar da na tura sai in tarar da kofin shayi a kan tebur, rabi, yana tururi. Ya fita ke nan. Haka har ƙarshen baranda. Wata mai sayar da kifi ce ta tashe ni da gwiwar hannu.

Saura ɗaki ashirin da uku. Ɗaya daga ciki ba zan iya shiga ba, babban na ƙoli, Lu'ulu'u. Masu farar safar hannu kaɗai ke hawa can, ko Sulbha ba ta taɓa gani ba.

Na rubuta wa Ustad Mainuddin. Ya rufe shago ya koma garinsu a Howrah tun da idonsa ya yi rauni. Ban so in dame shi ba, amma dabara ta ƙare mini.

A gaida kowa. Sabulu ba su ba ni ba tukuna.

Taki,
Nuzhat


Panchla, Howrah
18 ga Afrilu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata mai daraja, iyalin marigayi Wajahat Husain, Allah Ya haskaka makwancinsa.

Bayan sallama irin ta Musulunci da tambayar lafiya, ina sanar da ke takardarki ta same ni. Na jinkirta amsa ba don raini ba, sai don kunya. Akwai abin da ya kamata in faɗa miki tun ranar jana'iza, harshena ya yi nauyi.

Da farko maganar neman da kike yi. 'Yata, kina duba wurin da ya dace, amma da hasken da bai dace ba. Mijinki bahago ne. Bahago ba ya zama a tsakiyar katako, gwiwar hannunsa za ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Saboda haka shekara goma sha tara wurin zamansa ɗaya ne a shagona, kusurwar hagu ta ƙasa. Kuma zaren zinariya in bahago ya kwantar da shi, kwanciyarsa ta saɓa wa ta sauran mutane. A ƙarƙashin fitila ba a ganewa. Amma kowace safiya in rana ta shigo ta tagar shago, aikin mutum bakwai yana barci, nasa kaɗai ke farke. Abokansa har tsokanarsa suke, wai ya kunna fitilarsa. Ki kashe wutar ɗakin, ki bar rana ta shigo ta gefe, ki dubi gindin reshe.

Na biyu shi ne mai nauyin. Ranar da ya rasu yana kan ganyen ƙarshe na ƙyallen ƙarshe. Ya zagaye ganyen, ya cika rabi. Bayan kwana uku muka koma aiki, na ce wani ya zauna ya ƙarasa. Ba wanda ya motsa. Na zauna da kaina, ni da na koya masa riƙon allura, na kai hannu sau uku ina janyewa. Ba a cusa hannun dama cikin ganyen bahago. Ranar kai kaya ta matso, sai muka bar shi haka, rabi zinariya rabi karammiski. Wanda bai sani ba zai ɗauka inuwa ce aka yi da gangan. Aka karɓa ba a lura ba.

Allurarsa mai ƙugiya kuma, wadda kika ce ba a kawo miki ba, ni na hana. Na soke ta a bayan ganyen kafin a rufe da shafi. A lokacin na ga kamar nan ne wurinta. Daga baya na gane haƙƙinki ne na binne a bangon wasu. Ina roƙonki gafara.

Ɗakin da aka kafa shi ban sani ba. Mu dai mun naɗe mun miƙa.

Bai yi wata magana ba kafin ya kifa kai, kada in yi miki ƙarya. Amma yana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa, kamar yadda yakan yi in aiki na tafiya daidai.

Allah Ya ba ki haƙuri, Ya sada ki da abin da kike nema.

Mai neman afuwarki,
Mainuddin Mallik


Govandi
12 ga Mayu

Apa,

Assalamu alaikum. Na sa miki takardar Ustad a cikin wannan, ki fara karanta ta. Ina buƙatar amsarki da gaggawa, ki ba Sajid ya aiko ta hanya mai sauri.

Washegarin zuwanta muka shiga wani ɗaki a benen Murjani. Na ce da Sulbha ta kashe wuta ta ja labule. Ta ce, "Khala, yau kuma kora kike nemar mana da hannu biyu." Amma ta ja, kamar faɗin tafin hannu.

Apa, rana ta shigo ta kwanta a bango. Duk reshen ya yi duhu, sai gindinsa can ƙasa ta hagu ya kama da haske, ganye biyar da ɗan rumman guda, kamar an hura garwashi. Sulbha ta zauna a kan gadon da ta gama gyarawa, abin da ba a yi. Ta ce a hankali, "Ga shi nan kuwa."

Muka koma ɗakunan da na riga na gani. A masu kallon gabas shi kaɗai ke haske. A masu kallon teku kowa na haske, shi kaɗai ke duhu. Ko ta yaya dai ga shi. Wata uku ina wuce shi ina neman sa, ashe yana kowane ɗaki, a kusurwarsa, bai ce komai ba. Halinsa ke nan.

Amma duk ganyayen cikakku ne. Har na sittin da uku.

Ba ni na samo na ƙarshen ba. Wata Baturiya ce ta zo daga Italiya, aikinta ke nan, zagaya otal-otal ɗinsu da ɗan madubin duba zobe a wuya. Ta hau Lu'ulu'u, ta ga rabin ganye, ta ce aibu ne. Aka sauko da shi ɗakin wanki, maza huɗu ke ɗauke da shi, aka kwantar a kan babban teburin guga. Ina zaune ina sa maɓalli na ɗaga kai na gan shi.

Ƙa'idarsu, duk abin da ya samu aibu ba a ajiyewa, ba a bayarwa. Almakashi ake sa masa, kada ya fita da sunansu. Har an kawo almakashin.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Madam, mijina ne." Turancina ya gudu, da harshenmu na faɗa. Madam Sequeira ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kin ɗauka ban san labule ba ya warwarewa sau sittin a wata uku ba?" Ta juya ta yi wa Baturiyar magana mai tsawo. Baturiyar ta dubi ganyen, ta dube ni, ta tambaya ko na iya surfani.

Na iya, Apa. Ba ki sani ba, don mata ba sa zama a katako a gidanku, shi ya sa muka ɓoye. Ranakun Juma'a yana koya mini a ƙaramin katako a ɗaki, yana dariya wai komai nawa a juye yake.

Sun ba ni zuwa ƙarshen wata. In na ƙarasa ya yi kyau, a mayar da shi bango. In ban taɓa ba, almakashi.

Na ɗaga shafin baya. Ga ƙullinsa, ƙwayar riɗi, layi-layi, sai suka tsaya. Ga allurar a soke, ƙotar ta yi baƙi daidai inda babban yatsansa ke zama. Na ɗora hannuna a wurin kamar yadda na ce zan yi. Na daɗe.

Kwana huɗu ke nan ina zama a gabansa ban sa zare ba. Wannan rabin da babu komai, nan ne ya tsaya, nan kaɗai ne a duniya. In na cika shi na shafe wurin da hannuna. In na bar shi a yanka. Kuma Ustad da kansa ya ce ba a cusa hannun dama cikin ganyen bahago. Wace ce ni?

Ke kika rene shi. Ki gaya mini.

Ƙanwarki,
Nuzhat


Bareilly
18 ga Mayu

Amarya,

Wa alaikumus salam. Sajid na tsaye a kaina da makullin babur, don haka ba zan tsawaita ba.

Ban ce miki rabi za ki tarar ba?

Ustad mutumin kirki ne, amma Ustad bai taɓa zama da Wajju a kan tabarmar cin abinci ba. Ni na zauna. Na ce miki bai taɓa ƙarasa komai ba, to ban faɗi duka ba. Kafin aurenku rabin shayinsa zubarwa ake yi. Bayan aurenku ban sake ganin an zubar ba. Ina kallonku ta gefen ido shekara ashirin da biyu. Ya sha rabi ya turo kofin gabanki ba tare da ya dube ki ba, ke kuma ki ɗauka ba tare da kin dube shi ba. Gurasa haka. Labari ma in ya bari a tsakiya ke kike ƙarasa wa mutane. Har haushi abin yake ba ni.

Maza bakwai sun kasa sa hannu a ganyen nan don ba su aka bar wa ba.

Kina ta kukan bai bar miki magana ba. To ga shi ya turo miki kofi. Ki ɗauka kafin ya huce.

Ki yi bisimilla ki zauna a kusurwarsa. In ya karkace ya karkace, shi ma a karkace ya yi rayuwarsa kuma ba wanda ya kai shi.

Na shafa man naki jiya. Har yanzu wari yake.

Na rubuta wannan ba tabarau, sun yi ta hazo. In kin ga layi ya hau layi ki yi haƙuri.

Yayarki,
Dilshad


Govandi
3 ga Yuni

Apa,

Assalamu alaikum. Na ƙarasa. Kwana shida, da allurarsa. Baturiyar ta sa madubinta ta daɗe tana dubawa, ta juya baya ta duba, sannan ta ce a mayar.

Ranar da aka kafa shi Madam ta miƙo mini farar safar hannu, ta ba Sulbha ma, ta ce mu hau mu tabbatar labulen can bai warware ba, kuma kada mu yi sauri. Ɗakin yana da taga gabas da yamma. Da safe muka ja labulen ta gabas, rabinsa na ganyen ya kama da haske, nawa yana duhu. Na koma bayan la'asar na ja ta wajen teku, nasa ya kwanta, nawa ya tashi. Sulbha ta ce, "To, Khala, kun raba aiki. Shi safe, ke yamma."

Kafin a rufe shafin baya na soke tawa allurar a wurin, wadda nake sa maɓalli da ita. Tasa tana cikin jakata. Na rubuta wa Ustad na ce ba abin da zan yafe, ajiya ya yi mini.

Hadari ya fara taruwa a kan teku, amma ruwa bai sauka ba, ki shaida na riga shi. Jirgina zai iso ranar Alhamis da hantsi. Sajid ya zo tasha, tukwanen suna da nauyi. Ki ce wa matarsa ta kawo kekenta ɗakin sama, akwai wurin mutum biyu, ni kusurwa ɗaya ta ishe ni, wadda rana ke shiga.

Sabulu biyu ne. Ba ni suka yi.

Ki dafa miyar wake, Apa. Ki sa gishiri yadda kika ga dama.

Ƙanwarki,
Nuzhat